Daga Tsakuwa zuwa Sakarin: Tafiyar Wata Kalmar Zaƙi da Zangonta a Fadamar Rima

Tsakure

Takardar nan ta bi sawun kalmar Ingilishi "saccharine", wadda Turawa ke jifan abin da zaƙinsa ya wuce kima da ita, tun daga tushenta a Indiya har zuwa inda danginta suka sauka a bakin mutanen Wurno da Rabah da Goronyo. Hausa ta karɓi wannan tushe sau uku ta ƙofofi daban-daban: sukari, suga, sakarin. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne duk ukun sun tsaya a matsayin sunayen haja, babu wadda aka damƙa wa aikin kushe abin da ya wuce gona da iri. Wannan aiki yana hannun zaƙi da ginsa da gishiri, kuma rabon aikin ya shafi mai fassara, ya shafi ma'aikacin lafiya.

1. Kalmar a bakin masu ita

Akwai kalmomi biyu a Ingilishi da harafi ɗaya tal ya raba su a rubuce. "Saccharine" siffa ce, "saccharin" kuwa sunan sinadarin nan ne da muke kira sakarin. Ɗalibai da yawa suna ɗauka daga sinadarin aka samo siffar. Tarihi ya nuna akasin haka. Siffar ta bayyana a rubuce tun wajejen 1670, a alƙalamin likitoci da masu nazarin tsirrai, kuma a lokacin ba ta nufin komai illa abin da ke da alaƙa da sukari. Babu zargi a cikinta. Sai a wajejen 1840 aka fara aro ta ana kushe magana ko hali da ita. Shi kuwa sinadarin bai zo duniya ba sai 1879.

A yau idan Bature ya siffanta murmushi ko waƙar soyayya ko fim ko jawabin yabo da wannan kalma, tuhuma biyu yake yi a lokaci guda: abin ya yi yawa, kuma ba daga zuci ya fito ba. Tuhumar farko ta girmi sinadarin. Ta biyu ta daɗa ƙarfi bayan zuwansa, don an sami abu mai zaƙi wanda ba sukari ba ne, ba ya kuma ƙosar da kowa.

Me ya sa sai a ƙarni na 19 kalmar ta zama abin zagi? A ganina amsar tana kasuwa. Ba a zagin mutum da abin da sai sarki ke iya saye. Sidney Mintz, a littafinsa na 1985 kan tarihin sukari, ya nuna yadda hajar ta sauko daga akwatin magani da teburin masu mulki a Ingila ta zama abin da ma'aikacin masaƙa ke zubawa a shayi, albarkacin gumin bayin da aka kwasa daga Afirka zuwa gonakin rake na tsibiran Karebiyan. Sai da sukari ya yi araha sannan yawansa ya zama aibi.

2. Tushe ɗaya, hanya biyu

Asalin kalmar "sharkara" ne a harshen Sanskirit, ma'anarta tsakuwa ko ɓurɓushin dutse. Mutanen Indiya da suka fara dafa ruwan rake har ya daskare ya yi ƙwayoyi ba su sa masa suna don ɗanɗanonsa ba. Kamanninsa suka duba.

Daga nan kalmar ta rabu biyu. Hanya ta farko ta masana ce. Ta bi ta harshen Pali ta shiga Girkanci a matsayin "sakkharon", daga nan Latin ta ɗauka. Dioskorides, likitan Girka na ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, ya bayyana shi a matsayin wata daskararriyar zuma da ake samu a jikin kara a Indiya da ƙasar Larabawa, mai kama da gishiri, mai garas-garas a haƙori. A riƙe wannan kwatanci da gishiri, za mu sake cin karo da shi a gida. Ta wannan hanya ce masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa wa rake sunansa na kimiyya, Saccharum officinarum, a 1753, kuma ita ce ta haifi kalmar da muke magana a kanta.

Hanya ta biyu ta fatake ce. Farisawa suka ce "shakar", Larabawa suka ce "sukkar", suka kuma yaɗa noman rake a Masar da Maroko da Sisili da Andalus. Italiyawa suka karɓa suka ce "zucchero", Sifaniyawa suka haɗiye har da "al" ta Larabci suka ce "azúcar", Faransawa suka ce "sucre", Ingilishi ya ɗauka daga gare su a ƙarshen ƙarni na 13.

Na san wani zai tambaya ko akwai dangantaka da tushen Larabci na sin da kaf da ra, wanda ya ba mu sakaratul mauti, ya kuma ba da kalmar da ta zo a aya ta 67 ta Suratun Nahli. Babu. Wancan tushe na maye ne da gushewar hankali, ɗan gida ne a Larabci. "Sukkar" baƙo ne daga Farisa, kamar sauti ce kawai ta haɗa su.

3. Sauka uku a ƙasar Hausa

Kafin kowane baƙo ya iso, Bahaushe yana da zaƙinsa, kowane da sunansa: zuma, rake, takanɗa, garin ɗorawa, maɗin ɗinya, dabinon da Buzaye ke saukowa da shi. Fadamar Rima, wadda Wurno ke kallo daga kan tudunta, tana cikin wuraren da rake ya daɗe. Muna da shaidar gani da ido. Matafiyi Heinrich Barth ya zauna a Wurno a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello. A hanyarsa daga Wurno zuwa Sakkwato ya ratsa kwarin Bamurna, inda ya ga gonar rake a gindin tudu, aka kuma shaida masa cewa mai gonar ba noma kaɗai yake yi ba, har sukari yana fitarwa. Barth ya yi mamaki, bai kuwa tarar da mutumin a gida ba. Shi dai Barth ɗin ya lissafa sukari cikin kayan da ake ƙetaro Sahara da su zuwa kasuwar Kano. Ke nan a tsakiyar ƙarni na 19 ana iya samun sukari iri biyu a daular Usmaniyya, na raƙumi da na fadama, amma duka biyun ba abincin talaka ba ne.

Sukari ita ce saukar farko, daga Larabci. Siffar kalmar tana da abin faɗa. Joseph Greenberg, a maƙalarsa ta 1947 kan kalmomin Larabci a Hausa, ya raba aron gida biyu: tsofaffin da suka shigo da "al" manne da su, da na baya waɗanda suka zo babu ita. Mervyn Hiskett ya sake duba batun ta fuskar tarihi a 1965. Manomin Goronyo yana riƙe da misalan rukunin farko a hannunsa kullum: albasa da alkama. Haka alewa da alkaki, kayan zaƙi biyu da ba a raba su da garar amarya. Inda harafin farko na Larabci ya haɗiye lam, sai a sami irin su asuba da Asabar da asiri. Da sukari yana cikin wannan ayari, da "asukari" muke cewa, kamar yadda Sifaniyawa suka yi. Rashin wannan wasali a farkon kalmar yana nuna, a fahimtata, cewa alewa ta riga sukari isowa bakin Bahaushe. Mun san kayan zaƙin Larabawa tun muna yin su da zuma.

Akwai wata shaida da ta fi wannan armashi. Da sukari ya zo a dunƙule, Bahaushe bai ƙirƙiro masa sabon ma'auni ba. Kantu ya ce, sunan curin gishirin Bilma da ayarin Buzaye ke kawowa. Har yau tsoho zai aiki jikansa shago ya sayo masa sukari mai kantu, yana nufin mai ƙwaya irin na kwalin St. Louis. Abin da idon likitan Girka ya gani, shi idon ɗan kasuwar Hausa ya gani: farin abu mai tauri mai tsada, ƙanen gishiri.

Suga ita ce sauka ta biyu, ta bakin Turawan mulkin mallaka da kantunansu bayan 1903, ta kuma yi ƙarfi da yaɗuwar shayi da burodi. Mai kasa kunne a tashar Achida ko kasuwar Gandi zai ji duka biyun suna yawo: dattijai da masu zirga-zirga zuwa Maraɗi da Ƙonni sun fi riƙe sukari, matasa da masu shayi suga suka sani. Kalma ɗaya ce ta zagayo, ta Sahara sau ɗaya, ta teku sau ɗaya.

Ta uku ita ce sakarin, kuma ita kaɗai ce ta biyo hanyar masana. A jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, Constantin Fahlberg yana aiki a ɗakin binciken Ira Remsen kan sinadaran da ake samu daga kwaltar gawayin ƙasa. Ya koma gida cin abinci, ya ji zaƙi a hannunsa, ya dawo yana neman inda ya kwaso shi. Su biyun suka wallafa sakamakon, amma Fahlberg ya je ya yi rajistar mallaka shi kaɗai, ya kafa masana'anta kusa da Magdeburg a Jamus, abin da Remsen bai yafe masa ba. Kamfanin Monsanto ma da sakarin ya fara a 1901. Ƙarancin sukari a Yaƙin Duniya na Ɗaya ya buɗe masa kasuwa. Zaƙinsa ya ninka na sukari sau 300 ko fiye, jiki ba ya narka shi, yadda ya shiga haka yake fita, kuma yana barin wani ɗaci-ɗaci mai kama da ƙarfe a bayan harshe.

Wannan ɗacin shi ke tona asirin mai zoɓo. A ranar kasuwa cikin bazara, ga kula cike da ƙulle-ƙullen zoɓo da kunun zaƙi da ƙanƙara. Saurayi ya fasa leda da haƙori, ya kurɓa, ya tsaya yana taɓe baki.

"Inna, wanga zoɓo da sakarin anka yi shi?"

"Haba ɗana, suga na zalla. Ɗanɗana dai da kyau."

Ya sake kurɓa, ya biya, ya wuce. Su duka sun san gaskiya. Abin da ɗan yatsa zai dangwalo daga ƙullin sakarin yana yin aikin da sai an zuba suga gwangwani guda, ita kuwa da ribar za ta yi cefane. A lura da abin da saurayin ya yi da kalmar: tambaya ya yi a kan abin da aka zuba. Bai ce zoɓon "ya yi sakarin" ba, balle ya ce maganar innar sakarin ce. A bakinsa kalmar sunan kaya ce, ba ta wuce nan ba.

4. Inda Hausa ta ajiye hukuncinta

Zaƙi a karan kansa yabo ne. Zazzaƙar murya abin so ce, macen da aka ce tana da zaƙin hannu kuwa ta iya girki, ko da miyar kuka ta kaɗa. Kalmar ba ta juyewa ta zama zargi sai an jingina ta ga baki. Mai zaƙin baki, mai daɗin baki, mai romon baka, duk mutane ne da ake sauraro da kunne ɗaya. Karin maganar nan ta zuma da zaƙi da harbi tana kan wannan layi: ba yawan zaƙin ake tsoro ba, abin da ke ɓoye a bayansa ake tsoro.

Shi kuwa yawan da ke sa rai ya ƙi abu, Hausa tana da fi'ili na musamman dominsa: ginsa. Alkaki ya ginshe ni. Sai dai ginsa ba ta zaƙi kaɗai ba ce. Kitse yana ginsa, man shanu yana ginsa, nakiya tana ginsa ta fuska biyu. Abin da kalmar ke aunawa shi ne inda cikin mai ci ya tsaya, ba laifin abincin ba. Shi ya sa ba a cika jin kunyar faɗinta a gaban wanda ya yi girkin ba.

Idan kuma magana ce aka cika ta da ado har ta bar gaskiya, Bahaushe ba ya waiwayar sukari sam. Cewa yake an ƙara gishiri. Maganar da ba ta da armashi kuma, ba ta da gishiri, lami ce. A nan ne nake ganin tarihin kasuwa ya bar tambarinsa a harshe. Abin da ayari ke wahala a kansa, abin da kowace miya ke jira, abin da ake aunawa da tsanaki don kaɗan ya isa, shi ne gishiri. Sukari ya iso ya tarar an riga an ba da wannan kujera.

Saboda haka mai fassara ba shi da kalma guda da zai ajiye a gurbin siffar Ingilishin, kuma bai kamata ya ƙirƙiro ta da ƙarfi ba. Wanda ya rubuta "murmushi mai zaƙi" ya juya zagi ya koma yabo. Wanda ya rubuta "murmushin sakarin" ya rubuta abin da ba mai gane shi a Rabah. Sai an duba wace tuhuma ce ta fi nauyi a jimlar. In rashin gaskiya ne, ga murmushin yaƙe, ga daɗin baki, ga na ganin ido. In yawa ne, ga ginsa da gundura: kalaman soyayyar fim ɗin har sun ginshi mai kallo. In yabo ne aka zuzuta, ga ƙarin gishiri, ga kuma bambaɗanci idan ana neman wani abu a bayansa.

5. Zaƙi a matsayin ciwo

Wurin da Hausa ta fi ɗaukar yawan zaƙi da gaske shi ne jiki. A nan kalmar takan tashi daga ɗanɗano ta zama sunan larura. Ana hana mai ciki shan zaƙi don kada ya taru ya tare hanya ranar haihuwa, ana ba ta jiƙe-jiƙe masu ɗaci da bauri a watannin ƙarshe da sunan maganin zaƙi, abin da ke fita kafin naƙuda ma zaƙi ake ce masa. L. Lewis Wall, wanda ya zauna a ƙasar Malumfashi ya kuma wallafa littafi kan magungunan Hausawa a 1988, ya yi bayanin wannan fahimta. Abin lura, abokin tafiyar zaƙi a ɗakin haihuwa shi ne gishiri, wanda ake yi wa yankan da ke cikin musabbaban yoyon fitsari. Ɗanɗano biyun da suka yi tarayya a kantu sun sake haɗuwa a hannun ungozoma. Illar wannan fahimta ba a ɓoye take ba: naƙudar da ta tsaya saboda ƙugu ya yi wa kan jariri kaɗan ba ta jin jiƙo, kuma kowace sa'a da aka ɓata ana jiran zaƙi ya gama zuba, daga lokacin isa asibiti aka cire ta.

Maza ma ba su tsira ba. Basir da ɗankanoma da raunin mazakuta, duk akan ɗora wa zaƙi, shi ya sa mai tallar sassaƙe ba ya rasa ciniki. Basir dai tsohon abin damuwa ne a wannan yanki, tun da Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837 kuma kabarinsa ke can, ya keɓe masa risala guda cikin rubuce-rubucensa na likitanci.

Da cutar da likitocin zamani ke aunawa a jini ta zama ruwan dare, sai aka yi wani abu da ya saɓa wa wannan tsari. Ba a kira ta ciwon zaƙi ba, wataƙila don sunan yana da mai shi. Aka ce ciwon suga, ko ciwon sukari. Likitocin Indiya na dā sun danganta ta da zuma, sunanta na Latin ma daga zuma aka ciro shi, bayan likita Thomas Willis ya bayyana zaƙin fitsarin masu ita a 1674. Mu kuwa muka laƙaba mata sunan hajar shago. Tun da a Hausa suga sunan farin abin nan ne na cikin buhu ko kwali, ba sunan jinsin sinadari ba, sai laifin duka ya tattara a kansa, sauran suka fita da fari. Ana jin sakamakon a ɗakunan shan magani na karkara:

"Baba, kana shan suga?"

"A'a ɗiyata, na bar suga tun bara. Zuma ni ka sha, sai ɗan rake in na tai fadama."

Dattijon bai yi ƙarya ba, amsa ya ba da daidai da tambaya. Amma kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne a ma'aunin kimiyya, abin da ke cikin rake da mazarƙwaila kuwa shi ne ainihin abin da ke cikin kantu, tacewa ce kawai ta raba su. Tuwon shinkafa da fura, waɗanda harshe ba ya jin zaƙinsu, su ma suna komawa sukari a jini.

Sakarin kuma ya faɗa ɗaya gefen. Shi da ba ya ɗaga sukarin jini, shi aka fi tsoro, don an ji an ce kemikal ne. Tsoron yana da tarihi: gwajin da aka yi kan ɓeraye ya sa Kanada ta hana shi a 1977, Amurka kuma ta tilasta rubuta gargaɗi a jikin kayan da ke ɗauke da shi, kafin ta cire shi daga jerin abubuwan da ake zargi da jawo sankara a 2000. Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ya ƙayyade miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin mutum a yini. Yaro mai kilo 20 ke nan kada ya wuce miligiram 100. Matsalarmu ita ce ba wanda ke awo. Da ɗan yatsa ake zubawa, ledar ba ta da rubutu, yaron kuma yakan sha ƙulli uku kafin la'asar. A 2024, da tsadar suga ta kai intaha, sai da hukumar NAFDAC ta ja kunnen masu gidajen burodi kan maye gurbinsa da sakarin.

Gyaran da ke hannunmu, mu masu harshe, ƙarami ne amma yana da amfani. Sunan ciwon suga ya riga ya zauna, ba mai tumɓuke shi. Abin da za a iya sauyawa shi ne tambayar da ake yi wa majiyyaci da kalaman da ake sakawa a sanarwar rediyo. Maimakon a ce a rage suga, a ce a rage zaƙi, sannan a bi su da suna ɗaya bayan ɗaya: zuma, rake, mazarƙwaila, dabino, alewa, lemon kwalba, kunun zaƙi. Masu sabunta ƙamus, irin wanda Jami'ar Bayero ta fitar a 2006, su ba suga ma'ana biyu a rarrabe, ta shago da ta asibiti, su kuma buɗe wa sakarin gurbinsa tare da bayanin cewa ba daga rake yake ba.